Sharar Gida Abincin Gona

Yanzu kaka ta wuce, an kai amfani rumbu, gonaki sun zama fili, ba kome sai tushiyar kara da awaki suna kiwo. Wannan shi ne lokacin da manomi mai lura ya kan fara shirin takin baɗi, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai hadari ya haɗu sa'an nan ya shiga neman taki, ko dai ya saya da tsada, ko kuwa ya zuba irinsa a ƙasa mai yunwa. Abin mamaki kuwa shi ne, mai gidan nan da ke kukan tsadar buhun takin zamani, kowace safiya a kan fita da kwando cike da taki daga gidansa a juye a kwata. Don dai an sa masa suna shara, shi ya sa ba a ganin darajarsa.

Cinikin Birni Da Karkara

Mutanen da ba haka su ka ɗauki shara ba. A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya iso Kano, ya kuwa yaba albarkar ƙasar da yawan amfaninta. Alhali ƙasar da ke kewaye da birnin yawancinta jigawa ce mai rairayi, ba ta da wani ƙarfi na kanta. Ga kuma yawan jama'a, ba wanda ke da filin da zai bar saura ta huta shekara biyar ko goma kamar yadda a ke yi a ƙasashen da ke da daji. Gona ɗaya a ke nomawa kowace shekara, uba ya noma ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, ba ta kuwa gaji ba. Asirin abin taki ne.

A cikin shekarun 1960 wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Michael Mortimore, ya bi ƙauyukan nan ya rubuta yadda a ke yi. Da rani, tun da sassafe jakuna su kan shiga birni ta ƙofofi da itace da kara da harawa. In rana ta yi su fito da mangala cike da taki, su nufi wajen Ungogo da Kumbotso da sauran ƙauyukan kusa. Jaki bai shiga da baya wofi ba, bai kuma fita wofi ba. Abin da ke cikin mangalar nan kuwa sharar gidajen birni ce: toka, da kashin awaki da na tumaki da na dawakai, da ƙaiƙayi, da ganye, da tsohon bunu, da ƙasar tsakar gida. Duk abu ne da ya fito daga gona tun farko. Hatsi ya shiga birni an ci, kara ya shiga an ƙona, harawa ta shiga dabba ta ci, saura ya koma inda ya fito. Birni ya sami tsabta, gona ta sami abinci.

Har wa yau, abin da ke kai wa juji a lokacin ba shi da yawa, domin uwar gida ba ta barin kome ya salwanta. Dusa da ƙasari na dabbobi ne. Tsaki na kaji. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, ƙanzo a shanya a ajiye don kwaɗo. Ƙwarya in ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke, in ta fashe sarai sakainar ta zama abin kwashe shara. Tukunya in ta fashe, kaskon ya zama na ɗiban wuta ko na ruwan kaji. Tsofaffi ba su kira wannan da wani babban suna ba, tattali kawai su ke ce masa.

Baƙuwar Da Ta Ɓata Juji

Hausawa sun ce babba juji ne, kowa ya zo da shara ya zuba masa. Amma jujin da shi ne mai haƙurin nan, domin duk abin da a ka ba shi ya kan narkar da shi ya mai da shi baƙar ƙasa. Na yanzu an ba shi abin da ya fi ƙarfin cikinsa, watau leda. Tun da ta yawaita a kasuwa, musamman bayan ruwan leda ya bazu ko ina a cikin shekarun 1990, mai sayen barkonon kwabo ma sai an ƙulle masa a leda. Manomin da ya sayi tifa guda ta sharar birni yau, sai ya zauna shi da 'ya'yansa su yi ta tsince leda da kwalba da roba kafin ya ga takin da ya biya kuɗi dominsa.

Ɓarnar leda iri huɗu ce. Ta fari a gona. Ba ta ruɓewa, sai dai rana ta farfasa ta ta zama gutsattsari ta gauraye da ƙasa. Inda ta kwanta ta kan tare ruwa ya kasa shiga, ta tare saiwa ta kasa nitsewa, ta naɗe bakin garma.

Ta biyu ga dabba. Da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare, akuya ko saniya ta kan lashi ledar da a ka ƙulla gishiri ko mai ko miya a ciki, ta haɗiye. Ciki ba ya narkar da ita. Yau ɗaya, gobe ɗaya, har su dunƙule su cika tumbi. Sai a ga dabba ciki ya yi girma amma tana ramewa, ba ta son abinci, a yi ta ba ta magani a banza. Mahauta sun san wannan sarai, gama su ke buɗe tumbin su ga ƙullin. Ba abin da ke fid da ita sai likitan dabbobi ya tsaga, kuɗin aikin kuwa wani lokaci ya kan kusa kuɗin akuyar.

Ta uku a magudanar ruwa. Leda ke toshe kwata da kwalbati, ruwan damina ya rasa hanya ya koma ya ci gindin katanga, abin da ya rage ya kwanta sauro ya yi ƙwai.

Ta huɗu a hayaƙi. Mata da yawa sun saba hura wuta da leda don tana kamawa da sauri, waɗansu kuma su kan tara shara a ƙofar gida su cinna mata wuta da magariba. Hayaƙin nan guba ne ga ƙirji, tun ba na yara da tsofaffi ba.

Akwai kuma abokin tafiyar leda wanda ya fi ta sharri ko da ya ke bai kai ta yawa ba, shi ne mataccen batir. Na tocila da na rediyo in sun ruɓe a juji su kan saki ƙarafa masu cutarwa cikin ƙasa. Na mota da na babur da yawancin na sola kuwa dalma ce a cikinsu. Jama'a ba su manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dutsen zinariya mai haɗe da dalma, wanda a ke niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400. Dalmar nan ita ce dai a cikin batir. Ba abin fasawa a tsakar gida ba ne, balle a kai shi gona.

Hukumomi sun yi dokoki a kan leda. Ruwanda ta hana ta a 2008, Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, Kenya ta hana a 2017. Amma doka iyakarta ƙofar gida. Abin da ke shiga kwandon shara, mai gida da uwar gida ne ke da iko da shi.

Abin Da Buhu Ba Ya Yi

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala tun da akwai takin zamani? Lalle buhu yana da ƙarfi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, watau sinadarin nan da ke sa ganye ya yi kore shar. Kafin a sami wannan daga busasshen kashin shanu sai an tara wajen tan 2. Amma tun 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya ta da farashin taki a duniya, sa'an nan a 2023 a ka janye tallafin man fetur a Nijeriya kuɗin dako ya hau, talaka ya ga buhu ba abin dogara ba ne shi kaɗai. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ban da tsada, akwai aikin da buhu ba ya iyawa ko da kyauta a ka ba da shi. A tashar binciken aikin gona ta Samaru, kusa da Zariya, an fara wani gwaji a 1950 wanda a ka yi shekaru da dama a na bi. An yanka fili ƙanana ƙanana, wani a zuba masa kashin shanu kaɗai, wani takin zamani kaɗai, wani duka biyu, wani kuwa ba a sa masa kome. Da shekaru su ka yi nisa, filin da ba a ba kome ya lalace. Wanda a ka dinga zuba wa salfet na amoniya shi kaɗai ƙasarsa ta yi tsami, amfani ya ja baya. Wanda a ka haɗa wa kashin shanu da takin zamani shi ya riƙe ƙarfinsa.

Dalili kuwa a fili ya ke. Takin zamani shuka ya ke ciyarwa, takin gida kuwa ƙasar ya ke ginawa. Rairayi kamar rariya ya ke, ruwa da taki su kan zarce ƙasa su bar saiwa. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba su ke riƙe laima, su riƙe takin buhun ma kansa har shuka ta sha. Shi ya sa in ruwa ya ɗauke kwana goma a tsakiyar damina, geron da ke kan tsohon turke ya kan tsaya kore, na maƙwabci ya naɗe ganye. Ko wuta-wuta ma, wadda ke kashe dawa da gero, gonar da ta gaji ta fi kamawa.

Kwando Uku

Maganin abin ba a gona ya ke farawa ba, a tsakar gida ne. Shara in ta riga ta gauraye, rabuwarta aiki ne. In an raba ta tun daga hannu, ba aiki ba ne ko kaɗan. Sai a ajiye mazubi uku.

Na fari na abin da ke ruɓewa: ɓawon doya da na rogo da na lemo, ragowar ganyen miya, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, ganyen darbejiya da na mangwaro, sharar akurki da ta turke, takarda marar sheƙi. Abin da dabba za ta ci a fara ba ta, gama ta kan mayar da shi taki da kanta.

Na biyu na abin da ke da kasuwa: gwangwani, ƙarfe, tsohuwar tukunyar alminiyam, kwalba, fasasshen bokitin roba, gorar ruwa. 'Yan jari bola suna bi gida gida suna saye bisa sikeli. Mataccen batirin mota kuwa a mayar wa masu sayar da batir ba tare da an fasa shi ba, su kan rage wa mutum kuɗin sabo.

Na uku na abin da ba ya ruɓewa ba kuma mai saye: yagaggiyar leda, ƙananan batura, reza, allura, ragowar magani. Wannan a ɗaure a buhu a kai inda hukuma ta keɓe. A ƙauyen da ba a da irin wannan wuri, a yi masa rami nasa dabam mai zurfi, nesa da rijiya da gona da wurin kiwo. Kwalbar maganin feshi ita ma nan za ta, bayan an huda ta, kada wani ya zuba mai ko ruwan sha a ciki.

Yadda A Ke Ramin Taki

Tara shara kawai ba shi ne yin taki ba. Tsibin da a ka bari a rana ya bushe, ƙarfinsa ya kan bi iska, irin ciyawa da ke ciki kuwa yana nan da ransa. Dabarar jera shara hawa hawa a ruɓar da ita, wani malamin gona Bature, Albert Howard, shi ya tsara ta a garin Indore na ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931, bayan ya daɗe yana lura da manoman can. Ba ta bukatar kome sai abin da ke gida.

A sami inuwa a bayan gida, nesa da rijiya kamar yadi 30. A haƙa rami biyu kusa da juna, kowanne tsawon ƙafa 6, faɗi ƙafa 4, zurfi ƙafa 3. A shimfiɗa sassaren kara a gindin na fari don iska ta sami hanya. A zuba busasshiyar shara da ganye kaurin inci 6, a bi da kashin dabba kaurin inci 2, a barbaɗa toka kaɗan da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa har ramin ya cika ya ɗan yi tozo, sa'an nan a rufe da ciyawa ko tsohuwar tabarma. A soka sanda mai tsawo a tsakiya a bar ta.

Sandar nan ita ce ma'auni. Bayan kwana huɗu ko biyar a zare a taɓa. In ta yi zafi da laima, aiki yana tafiya, gama waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ke cin sharar, zafin aikinsu kuwa ya kan kai digiri 60, ya kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In ta fito da sanyi a bushe, a ƙara ruwa. In ta fito da wari da caɓi, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye. Daidai shi ne a damƙi takin a ji danshi amma ruwa bai ɗiga ba. Ruwan wanke hatsi ko na wanke ganye ya isa, ban da mai omo da yawa.

Bayan mako uku a juye cikin rami na biyu, na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa. Ramin fari ya sami wuri a fara sabo. Bayan wani mako uku a sake motsa shi. Cikin wata uku zai zama baƙi, mai laushi, mai ƙanshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa, ba a iya gane ganye daga ɓawo. Wanda ya fara da hunturu zai sami nasa kafin shuka. Da damina kuwa a bisa ƙasa a ke tsibawa, don rami ya kan cika da ruwa.

Akwai abin da ba a sa wa: kashin kare da na kyanwa, mushe, da wuta-wutar da ta riga ta yi 'ya'ya, gama irinta ya kan yi shekara goma ko fiye a ƙasa bai mutu ba. Ita ƙonawa a ke yi. Toka kuma a yi hankali da ita. Tana da fotash, tana kuma kashe tsamin ƙasa kamar yadda kanwa ke kashe tsamin miya, amma in an haɗa ta da yuriya ko ɗanyen kashin kaji sai ta kori ƙarfinsu ya tashi. Warin nan mai hawa ido da a kan ji, takin ne ke gudu. Haka kuma mai ƙone karan gona da ganye: naitirojin ya tafi da hayaƙi, toka kaɗai ta rage masa. Masu lambu kuma kada su zuba ɗanyen kashi a latas da karas da duk abin da a ke ci ɗanye, sai wanda ya ruɓe sarai.

In Takin Bai Isa Ba

Malaman gona su kan so eka ta sami wajen tan 2 na takin gida, gida ɗaya kuwa ba kullum ya ke tara wannan ba. To, ba a watsa shi ko ina ya ɓace. Manoman ƙasar Tawa a Nijar, wajen Illela, suna da dabarar da su ke kira tassa, wadda mutanen Burkina Faso ke kira zai. Da rani su kan haƙa 'yan ramuka faɗin taƙi guda ko fiye, su zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowanne. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan fari ya taru a ramin ya nitse, a shuka a ciki. Da haka su ka raya faƙon da a ka fid da rai da shi. Mai ɗan taki kaɗan sai ya bi wannan, ko ya zuba gindi gindi, ko ya raba gonarsa uku ya ƙosar da kashi ɗaya kowace shekara. In an kai taki gona a tsiba shi a rufe da ƙasa, kada a baza sai an kusa huɗa.

Rabon Ɗan Kasuwa Da Akawu

Wannan magana ba ta manomi kaɗai ba ce. Mai tebur da mai shago su ke sayen leda da kuɗinsu su raba kyauta. In mai sayarwa ya tambaya kafin ya miƙa, ya kuma haɗa kaya uku a leda ɗaya maimakon uku, ribarsa ce. Masu kayan gwari a kasuwa kuwa, abin da ya ruɓe musu na tumatir da kabeji da albasa, in sun tara shi wuri ɗaya ba leda, masu dabbobi da masu lambu za su zo nemansa da kansu.

Akawun da ke zaune a gidan haya ba shi da gona, amma yana cin abin da gona ta ba da. Ya aika cefane da kwando ko jakar buhu, ya aika sayen kunu da ƙosai da kwano mai murfi kamar yadda a ke yi da. Iyalinsa su dafa daidai cikinsu. Sharar da ke ruɓewa ya tara ta ita kaɗai, mai amalanke zai ɗauka da murna. In kuwa yana da ɗan lungu, tsohon buhu cike da ƙasa da takin nan ya isa ya ba shi alayyafo da yakuwa da barkono.

Jakunan Kano sun ragu, tifa da babur mai ƙafa uku sun karɓi aikinsu, amma cinikin bai sake ba: gona ta ciyad da gida, gida ya ciyad da gona. Mai gidan da ya sa kwando uku a tsakar gidansa a makon nan, ya haƙa raminsa kafin ƙasa ta ƙara tauri, in Allah ya kai rai zai ga bambanci a zangarniyar geronsa da kaka, zai kuma gan shi a jikin akuyarsa tun kafin nan.